Ambulan Ɗin Mai Takaba

Kwana arba'in da rasuwar Almu, da masu addu'a suka watse aka naɗe dardumai daga falo, matarsa Tayyiba ta jawo littafinta mai koren bango ta zauna a teburin kicin. Saura ƙasa da wata guda a rufe karɓar tayin kwangila, kuma wannan ne karo na farko da za ta yi lissafin babu wanda ke zaune a ɗaya kujerar yana shan shayi yana yi mata gardama.

Shekara tara ke nan kamfaninsu ne ke share gine-ginen hukumar wani ƙaramin gari a jihar Maryland, gaba kaɗan da garin College Park: laburare, zauren taro, ofisoshin hukumar, da ɗakin motsa jikin tsofaffi. Mata goma sha ɗaya ke ci a ƙarƙashin aikin. Duk shekara uku hukumar ke sake neman masu yi, kuma dokarta ba ta da wuyar ganewa. Kowa ya rubuta farashinsa, ya rufe a ambulan, ya kai ofishin saye-saye kafin ƙarfe biyu na ranar da aka tsayar. A buɗe a gaban jama'a, a karanta da ƙarfi, wanda ya fi sauƙi ya ɗauka. Duk ƙarfin abin yana cikin rufin nan ne. In wani ya ga farashinka kafin a buɗe, ka tashi daga aiki.

Sau uku suka shiga, sau uku suka ci. Almu ne ke sa kwat ya je ofis ya yi ta raha da ma'aikata, amma farashin da ke cikin ambulan na Tayyiba ne. Ita ta san minti nawa ɗakin karatun yara ke ci ranar da aka yi ruwa, ta san galan nawa na man goge daɓe zauren taro ke sha a shekara, ta san wace ma'aikaciya ce ba a haɗa ta hawa ɗaya da wace. Duk yana cikin koren littafin, da rubutunta, rabi Hausa rabi Turanci.

Tun ranar jana'iza Fatihu, yayan Almu, ya ɗauki gidan a kansa. Yana da ɗan kamfanin wankin kafet da bai taɓa samun aikin hukuma ba, saboda haka lokaci bai yi masa ƙaranci ba. Ya karɓi makullin motar aiki domin kada ta lalace a ajiye. Ya karɓi wayar kamfani da kwamfutar Almu domin kada maza su riƙa kiran mai takaba. Ya karɓi makullin akwatin gidan waya. Matarsa Sharifa kuwa takan iso gidan da ke unguwar Takoma Park da safe da zarar Furera, 'yar Tayyiba, ta hau motar makaranta, ta wuni, ita ce buɗe ƙofa, ita ce ɗaukar waya. Kowa ya shigo sai ya yaba. Aka ce Almu ya bar ɗan'uwa.

Tayyiba ma ta gode, har zuciyarta. A makonnin farko ko cokali ba ta iya ɗagawa ba tare da ta tuna wani abu ba.

Gardamar farko ta zo ne a kan zagayen gine-gine. Kafin a karɓi tayin kowa, dole wakilin kamfaninsa ya halarci ranar da ake zagayawa da masu nema a nuna musu wuraren, ya sa hannu a takardar halarta. Tayyiba ta ce za ta je. Ta faɗa ne daga bakin ƙofar kicin, kanta a ƙasa, Fatihu na falo yana cin abincin rana.

"Yaya, da rana ne fa, kuma bai fi awa ɗaya ba. A Islamiyya an koya mana mai takaba tana iya fita da rana in akwai lalura."

"Maman Furera, lalura ita ce in babu mai yi miki. Ni mutuwa na yi?"

Bai ɗaga murya ba. Washegari da sassafe surukarta ta bugo daga Zariya tana kuka, wai ta ji an ce ƙasar kabarin ɗanta ba ta bushe ba matarsa ta fara neman hanyar ofis. Tayyiba ta ba ta haƙuri, ta rantse ba ta taka ko bakin ƙofa ba. Fatihu ya je zagayen. Ya dawo ya ce komai yana nan yadda ta san shi, sai dai an sa sabon kafet a hawa na biyu na laburare. Ta rubuta a littafinta.

Mako biyu tana kan lissafin. Takan yi shi ne tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Sharifa ke kallon fim a waya. Ta rage nan, ta ƙara can, ta cire ladan Asabar ɗin da ita da Almu suka saba yin babban wankin daɓe da hannunsu, domin ta ƙudurta za ta ci gaba da yi ita kaɗai in ta fita takaba. Abin da ya sa farashinsu ke doke na manyan kamfanoni ke nan, ba wata dabara ba. Ranar Litinin, ana gobe rufewa, ta sa hannu a kowane shafi, har da takardar rantsuwar da ke cewa babu wani mai neman aikin da ya ga farashinta. Wata maƙwabciya mai hatimin shaidar sa hannu ta shigo ta buga mata. Ta zuba takardun a ambulan mai ruwan ƙasa, ta liƙe da salatef, sannan ta ja sa hannunta a kan bakin rufin, rabi a sama rabi a ƙasa, yadda Almu ke yi.

Ta miƙa wa Fatihu da hannu biyu. Ya yi bisimilla, ya sa a aljihun cikin kwat ɗinsa, ya ce ta sa a ranta an gama.

Ranar Talata ta kasa cin abinci. Ƙarfe biyu ta wuce, uku ta wuce. Sai bayan la'asar ya shigo, ya ce an karɓi ambulan, amma an ɗage buɗewa zuwa wata mai zuwa saboda wani kamfani ya yi tambaya a kan inshora. An taɓa yin haka shekara shida da suka wuce, ta tuna. Ta ce Allah Ya sa hakan ne alheri.

Daga nan kwanaki suka koma iri ɗaya. Masu ta'aziyya sun ƙare. Takan tashi, ta shirya Furera, ta tsaya bayan labule ta ga motar makaranta ta tafi, ta koma kan darduma. Itacen da ke gaban taga ya yi fure ya zubar tana kallo. Matan da ke leƙowa jefi-jefi sun koyi wata irin gaisuwa, ta zauna-kaɗan-tashi, idonsu a kan kafet. In ta ambaci aiki sai a ce ta bar wa Allah, ta ji da ibadarta. Wata ta fara cewa ai an yi wa Baban Khalifa barka a masallaci, Sharifa ta katse ta da tambayar ko a ƙaro mata kunu. Baban Khalifa shi ne Fatihu. Tayyiba ta ɗauka wani aikin kafet ya samu.

Ranar Laraba, kwana takwas da kai ambulan, Sharifa ta fita ɗauko yaranta daga makaranta. Ba ta kai kwanar titi ba aka buga ƙofa. Atine ce, mutuniyar Jos, wadda ke shugabantar matan aiki tun farkon kwangilar. Ta shigo tana haki, da leda a hannu, ta ce tun jiya take fakon motar Sharifa ta tashi.

"Wannan mai gadin naki, Maman Furera, ko a ofishin jakadanci ba a tsare ƙofa haka. Sau biyu ina zuwa, wai kina barci. Na bugo, wai kina salla. Na ce to wannan salla ta fi ta limami."

Tayyiba ta yi murmushin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Atine ba ta taya ta ba. Ta zazzage ledar a kan tebur. Rigar aiki ce shuɗiya, sabuwa fil, irin wadda matan ke sawa, amma sunan da ke ƙirjinta na kamfanin Fatihu ne. Ta ce jiya ya raba musu, ya ce daga ɗaya ga Yuli ita za su riƙa sawa. Abin ya ɗaure mata kai, shi ne da ta zo goge gilashin allon sanarwa a ofishin hukuma ta tsaya ta karanta takardar da ke ciki. Mako guda tana goge gilashin nan, ba ta taɓa duba abin da ke bayansa ba.

Ta miƙo wayarta. Hoton takardar sakamako ne, da kwanan watan Talatar da aka ce an ɗage. Kamfani huɗu. Na Tayyiba na biyu. Na Fatihu na ɗaya, ya fi nata sauƙi da dala arba'in, a kwangilar shekara uku.

Tayyiba ta daɗe tana kallon lambobin. Ba kuka ne ya zo mata ba, lissafi ne. Dokar garin ta ba wanda ke ganin an cuce shi kwana goma daga ranar buɗewa ya kai ƙorafi a rubuce, da sa hannunsa, a buga masa hatimin lokaci a ofis. Kwana goma daga Talata ya faɗa Juma'a. Jibi ke nan, ƙarfe biyar na yamma.

Sharifa ta dawo ta ga rigar a kan tebur. Ta koma mota ta yi waya. Kafin magariba sai ga kiran Alhaji Dabo.

Alhaji Dabo shi ne dattijon Hausawan yankin. Ya zo ƙasar tun kafin a haifi Tayyiba, shi ke waliccin aure, shi ke raba faɗa, shi ya tsaya a kan gawar Almu har aka rufe. Ya kira ta 'yata. Ya ce labari ya iso masa, kuma bai ji daɗi ba ko kaɗan. Amma ta duba: Fatihu ya sa hannu a takardar rantsuwa, in maganar ta je hukuma ba kwangila kawai zai rasa ba, takardun zamansa ma za su iya shiga matsala. Kuma turawa ba za su ce Fatihu ba, 'yan Najeriya za su ce. Akwai hanya mai sauƙi. In Fatihu ya janye tayinsa, ita ce ta biyu, aiki ya dawo hannunta babu wanda ya ji kansu. Ya ce ta ba shi darajar kwana biyu. Ranar Juma'a daga masallaci zai taho da shi har falonta, da takardar janyewa.

"Baba, Juma'ar nan ita ce rana ta ƙarshe. Ƙarfe biyar suke rufewa."

"Ana idar da salla ƙarfe biyu, 'yata. Me zai kai mu biyar? Ki dai yi mini alkawari takarda ba za ta bar gidan nan ba sai mun zauna."

Ta yi masa. Maganarsa ba ta rasa hankali ba, kuma ba ta taɓa ce wa mai furfura a'a ba.

Duk da haka ranar Alhamis ta rubuta ƙorafin, shafi biyu, ta sa hannu, ta naɗe ta sa ƙarƙashin dardumarta. Atine ta ce ta ba ta ta kai tun yau, in an sasanta a janye. Tayyiba ta ce ta riga ta yi wa dattijo alkawari. Atine ta dube ta, ta ce to ita dai gobe tun ƙarfe biyu tana bakin titi a cikin motarta, ko da 'yan sanda za su ɗauka ɓarauniya ce.

Ƙarfe uku da kwata suka iso. Alhaji Dabo, Fatihu, da wasu maza biyu da ta san su da gaisuwa kawai. Sharifa ta riga ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, kuma ba a fara magana da yunwa. Tayyiba ta zauna a kan kujerar kicin, bayan ƙofa, inda take ganin gefen falo da kuma agogon da ke jikin murhu. Aka ci, aka wanke hannu. Aka yi wa Almu addu'a, doguwa, kyakkyawa, irin wadda babu mai iya cewa a taƙaita. Sannan Alhaji Dabo ya ba da labarin ranar da ya je filin jirgi ɗauko Almu, yana saurayi, ya sauko cikin sanyin Janairu da silifa. Aka yi dariya, aka share ƙwalla. Agogo ya nuna huɗu saura minti biyar.

Da aka ba Fatihu magana, ya fara da cewa bai buɗe ambulan ba, yagewa ya yi a aljihunsa, dole ya sake masa wani. Ganin lambar kuwa ido ne, ba a hana shi gani. Ya ce ya shigar da nasa tayin ne don tsoron kada a ƙi nata saboda mai kamfanin ya rasu, aiki ya tafi hannun bare. Yanzu ga shi bai fita daga gida ba. Ya ce a faɗi gaskiya, mace ita kaɗai ba za ta iya da hukuma da ma'aikata goma sha ɗaya ba. Kuma yarinya ce, gobe wani zai fito, ta tafi da gumin ƙaninsa gidan wani ƙato, Furera ta tashi a tutar babu. Shi gadon marainiya yake tsarewa. Maza biyun suka gyaɗa kai.

Tayyiba ta tambaya daga bayan ƙofa ko ya zo da takardar janyewar. Ya ce ai janyewa ba wasa ba ce, in ya janye yanzu hukuma za ta riƙe kuɗin jinginar da ya ajiye, kuma sunansa ya ɓaci. Amma ya yi mata tanadi. In ta fita takaba za ta riƙa yi masa lissafi daga gida, da albashinta, ba sai ta sha wahalar fita ba. Alhaji Dabo ya ce to ai ga maslaha ta fara fitowa, a bi ta a hankali. Huɗu da minti ashirin da biyar.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗaga darduma, ta zura hijabinta mai ruwan toka. Hanyar fita ɗaya ce, ta tsakiyar falo. Maza suka janye ƙafafunsu kamar wuta ce ke wucewa.

"'Yata, da kayan takaba a jikinki? A gabana?"

"Baba, na cika alkawari. An zauna."

Kwana saba'in da bakwai rabon ƙafarta da waje. Hasken ya sa ta lumshe ido, ta kusa faɗuwa a kan matakala. Atine ta riga ta tayar da mota.

Duk wanda ya taɓa bin titin University Boulevard da yammacin Juma'a ya san sauran labarin. Atine ta yi ta kutsawa, ana danna mata ham tana ramawa, tana kiran sunan Yesu, Tayyiba na salati, takarda a cinyarta. A danjar farko suka ci minti shida. A gaban jami'a wata motar bas ta lalace. Suka tsaya a gaban ofishin hukumar ƙarfe biyar da minti shida. An kulle ƙofar gilashin, an kashe fitilar gaba.

Atine ta ciro tarin makullai daga jakarta. Makullin ƙofar nan yana cikinsu. Shekara tara kamfaninsu ke buɗe ta kullum bayan kowa ya tashi. Ta ce su shiga su ajiye takardar a kan tebur, wa zai sani. Tayyiba ta girgiza kai. Ba tebur ke karɓa ba, na'urar buga lokaci ce, na'ura kuwa ba ta san ta'aziyya ba. Suka tsaya a wurin kaɗan, sannan Atine ta mai da ita gida, ta dawo ta fara shara.

Ranar Litinin Tayyiba ta sake fita, wannan karon babu wanda ya tare ta, domin babu sauran abin tarewa. Constance, dattijuwar da ke kula da tayi a ofishin saye-saye, ta fito daga bayan teburinta ta rungume ta. Ta ce ta aika mata katin ta'aziyya tun watan Maris, da sa hannun duk 'yan ofis. Tayyiba ba ta ce mata katin na hannun mai makullin akwati ba.

Constance ta karanta ƙorafin a tsaye, ta cire tabarau, ta sake sawa. Ta ɗauko fayil. Ga takardar halartar zagaye: Fatihu ya sa hannu sau biyu, layi na uku da sunan kamfaninta, layi na bakwai da sunan nasa. Ga ambulan ɗin da tayinta ya zo a ciki, fari, sabo, babu salatef, babu sa hannu a bakinsa. Ga takardar ƙwarewarsa, inda ya rubuta cewa shekara tara yana manajan kamfanin ƙaninsa. Constance ta ce dala arba'in ɗin nan ta tsaya mata a rai tun ranar, amma doka ba ta hana wa da matar ƙani yin takara ba, kuma kowannensu ya rantse babu wanda ya ga farashinsa. Ta buga wa takardar hatimi, ta ce za ta kai wa lauyan hukuma, amma ba za ta yi mata ƙarya ba, abu na farko da zai duba shi ne kwanan wata.

Sannan ta tambaye ta, a hankali, me ya hana ta ɗaga waya ta kira ta ranar da aka buɗe. Lambar ofishin ba ta canja ba.

Tayyiba ta buɗe baki. Ta nemi Turancin da za ta ce da shi wayar tana hannun matar wan mijinta, surukarta na kuka a Zariya, kuma wanda ya ce an ɗage shi ne ya sa mijinta a kabari da hannunsa. Ba ta samu ba. Ta ce ba ta da lafiya ne.

Wasiƙar lauya ta iso bayan mako uku, sakin layi biyu. Ƙorafi ya zo a makare. An buɗe tayi a bainar jama'a, an liƙa sakamako a allo a ranar, saboda haka tun ranar ake ƙirga cewa ta sani, ko ya kamata ta sani. Batun rantsuwar ƙarya kuwa, ba a samu shaidar da ta wuce maganarta ba.

Ya kamata ta sani. Ai kuwa an sani. Masallaci guda ya sani, an yi wa Fatihu barka a sahun gaba, an shafa fatiha. Matan da ke kawo mata kunu sun sani. Cikinsu akwai likita, akwai mai digiri biyu, akwai wadda aikinta ma duba takardun kwangila ne a wani ofishin gwamnati da ke unguwar Southwest. Babu wanda ya jahilci abin da ambulan rufaffe ke nufi. Kowa ya ce ba ya son ɗaga hankalin mai takaba. Addini ya ba ta wata huɗu da kwana goma ta yi jimamin mijinta cikin mutunci, bai ce a kwashe mata makullai ba, bai ce a tsare mata waya ba, kuma duk wanda ya zauna a falon nan ya san haka. An dai ga ƙofa a rufe, da mace a bayanta wadda kunya ba za ta bar ta ta buɗe ba, aka yi abin da aka ga dama, sannan aka kira shi riƙon zumunci. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ma abin da aka tattauna a harabar masallaci ba ambulan ba ne. Fitar da ta yi a gaban dattijai ce.

Sharifa ta daina zuwa. Aka dawo da kwamfuta da wayar kamfani a cikin kwali, aka ajiye a bakin ƙofa. Motar aiki ba ta dawo ba. Tayyiba ta koma bayan labulenta ta ƙarasa kwanakinta, ba don an sa ta ba, sai don babu inda za ta.

Ɗaya ga Yuli matan suka sa shuɗiyar riga. A rana ta biyu Atine ta bugo ta ce an sallami uku, sauran an rage musu awa, kuma laburare ta kai ƙara an bar banɗakin yara ba a wanke ba. Fatihu ya kwafi farashi, bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Bai san da Asabar ɗin da ba a biyan kowa ba.

A rana ta uku da hantsi wayarta ta yi ƙara. Shi ne. Ya gaishe ta da kyau, ya tambayi Furera, ya tambayi shirin azumi. Sannan ya ce akwai wani koren littafi da marigayi ke yawan ambata, mai tsarin awanni da yawan kayan aiki. Ko za ta duba masa galan nawa zauren taro ke sha, da yadda suke raba mata a hawa biyun laburare. Ko kuma ya aiko a karɓa, ya huta da damunta.

Littafin na gabanta a kan teburin kicin. Ta ɗora tafin hannunta a kansa.

"Yaya, ina takaba. Kai ka ce bai kamata in yi maganar aiki da maza ba."

Ta kashe wayar. Ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Mata uku na gida babu aiki, kwangilar ta tafi sai bayan shekara uku, kuma gobe da safe Zariya za ta bugo. Saura kwana huɗu ta fita. An ce mata za a zo da lalle da sabuwar atamfa, a dafa abinci, Alhaji Dabo ya yi addu'a. Bayan nan ƙofa a buɗe take, tana iya zuwa duk inda take so, a kowane lokaci, babu mai tambayarta.

Ta zauna tana kallon agogon murhu har ya nuna lokacin dawowar Furera, sannan ta tashi ta ɗora ruwa.